Allurar Sin Mai Lantarki Da Ciwon Jijiyar Hannu: A Nemi Sauƙin Zogi, Amma Kada A Bari Lokacin Tiyata Ya Wuce



Akwai tambayar da ta yi ta dawowa cikin saƙonnin da ake turo wa wannan shafi. Wani zai ce ƙaninsa ya yi hatsari hannu ya shanye, wata za ta ce mijinta ya ji rauni a kafaɗa tun bara ba ya barci saboda zogi, sai su rufe da cewa sun ga bidiyo a Facebook ko TikTok na wata allurar ƙasar Sin da ake haɗa wa waya ana sakar mata lantarki, wai tana tayar da jijiyar da ta mutu. Shin a je a gwada?

Ni ba likita ba ne, sakataren ƙungiya ne, amma amsar da zan bayar a fili take. Wannan allura tana iya rage wa wasu mutane raɗaɗi na wani lokaci, kuma ba na ganin laifin wanda ya nemi wannan sauƙin. Abin da ba ta iya yi shi ne haɗa jijiyar da ta tsinke. Wanda ya kwashe wata shida ko shekara yana zirga-zirgar allura bai ga likitan tiyata ba, yana iya rasa hannun nan har abada, ko da allurar ba ta cutar da shi da komai ba, saboda lokacin gyara ya wuce.

Wace jijiya ake nufi?

A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa uku. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, wayar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ita ma jijiya ce. Masu tallar magani suna cin moriyar wannan ruɗani, su ce maka maganinsu na "ciwon jijiya" ne, ba tare da sun faɗi wacce ba. Wadda muke magana a kanta a nan ita ce ta ukun, mai kai saƙon motsi da na ji.

Jijiyoyin hannu suna fitowa ne daga laka a wuya. Saiwoyi biyar ne, huɗu daga ƙasan wuya, ɗaya daga saman ƙashin baya. Suna sarƙewa da juna a tsakanin wuya da hammata, sannan su rarrabu su sauka kafaɗa, gwiwar hannu, har yatsu. Idan mutum ya faɗo daga babur ya bugi ƙasa da kafaɗa, kai ya karkata gefe guda kafaɗa ta yi ɗaya gefen, waɗannan jijiyoyi sukan miƙe fiye da ƙima. Raunin hawa uku ne. Wani lokaci jijiyar sagewa kawai take yi, ta dawo da kanta cikin makonni. Wani lokaci ta tsinke a tsakiya. Mafi muni shi ne a tumɓuke saiwar daga jikin laka ɗungurungum. Daga waje duk ukun kamanninsu ɗaya: hannu ya saki, ba ya ɗaguwa. Shi ya sa ido kaɗai ba ya raba su, sai da gwaji.

Me ya sa abin ya shafe mu?

A yawancin ƙasashe hatsarin babur ne kan gaba wajen jawo wannan rauni. A Maiduguri an hana hawan babur tun watan Yulin 2011, amma hakan bai raba mu da matsalar ba. Keke Napep yana kifewa, motoci suna karo a hanyar Damaturu da sauran manyan hanyoyi, leburori suna faɗowa daga gini, 'yan uwanmu da ke neman abinci a Kano, Abuja da Legas kuma da yawansu acaɓa suke yi, idan sun ji rauni gida ake dawo da su. Ga kuma abin da muka fi kowa sani: tun 2009 harsashi da ɓaraguzan bam sun bar mutane da dama da raunin hannu da kafaɗa. An ɗinke fata, ƙashi ya haɗe, amma hannun bai dawo ba.

Ba a rasa wuraren zuwa ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda ke da likitocin ƙashi da sashen gashi. A cikinsa ne ƙungiyar agaji ta ICRC ta gina cibiyar gyaran gaɓoɓi da aka buɗe a 2020, bayan shekarun da sai an kai masu buƙatar ƙafar roba har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, inda likitocin tiyata na ICRC suka yi shekaru suna kula da waɗanda makami ya raunata. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu ba ma isa waɗannan wurare sai bayan an gama zagaye wajen mai ɗori, mai ƙaho da mai kemis.

Zogin da ba a gani

Wanda bai zauna da mai irin wannan rauni ba zai yi mamakin yadda hannun da ko an tsikare shi da allura ba ya ji, shi ne kuma ke hana mai shi barci. Masu ciwon sukan ce kamar an tsoma hannun a tafasasshen ruwa, ko ana matse shi da ƙarfe, sannan jifa-jifa wani abu kamar lantarki ya ratsa daga kafaɗa zuwa yatsu. Mafi yawan waɗanda saiwar jijiyarsu ta tumɓuke suna fama da wannan zogi, wasu shekara da shekaru.

Dalilin shi ne asalin zogin ba a hannu yake ba, a laka yake. Idan saƙon da ya saba zuwa daga hannu ya yanke, ƙwayoyin da ke karɓarsa a laka sai su riƙa harba saƙon ƙarya da kansu, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara shi da cewa hannu na ƙonewa. Wannan ne ya sa ko an yanke hannun zogin ba ya tafiya, kuma shi ya sa farasitamol da magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba sa yin wani tasiri. Don Allah mu daina ce wa irin waɗannan bayin Allah raki suke yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mece ce allurar Sin mai lantarki?

Tsira siraran allurai a wasu wurare na jiki, wato akufanca, tsohuwar hanyar magani ce a ƙasar Sin. Allurar ba ta ɗauke da ruwan magani, siririya ce ƙwarai. Daga shekarun 1950 likitocin Sin suka yawaita haɗa alluran da ƙaramar na'ura mai batir, wadda ke sakin lantarki kaɗan-kaɗan, maimakon a riƙa murza allurar da yatsa. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Ba tsafi ba ne, kuma ba shirme ba ne. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa akwai wani abu mai kama da ƙofa a laka, wanda saƙon taɓawa ke iya tura shi ya rage wa saƙon zafi hanya. Shi ya sa idan ka buge gwiwa kake murza wurin. Daga baya Farfesa Han Jisheng na Beijing ya nuna cewa lantarki mai bugu a hankali, kamar sau 2 a daƙiƙa, yana sa jiki ya saki wasu sinadaran kashe zafi nasa na kansa, mai bugu da sauri kuma, kamar sau 100 a daƙiƙa, ya sa a saki wani daban.

Amma a lura da wani abu. Duk wannan aiki yana buƙatar saƙon allurar ya bi jijiya ya isa laka. Idan saiwar ta tumɓuke, tsira allura a hannun da ba ya ji tamkar buga waya ne a layin da aka yanke. Masu ilimin abin sun san haka, shi ya sa sukan koma wuya, ko ɗaya hannun, ko inda ake da sauran ji. Wanda ya jera allurai a mataccen hannu, ya ƙara lantarki har tsoka ta riƙa zillo, ya ce maka ga shi nan jijiya ta fara tashi, yaudararka yake yi ko shi ma bai sani ba. Tsoka tana iya motsi idan lantarki ya taɓa ta kai tsaye ko da jijiyarta a tsinke take.

Me bincike ya nuna?

A nan ma a raba abu biyu. Ga ciwon baya, ciwon wuya, ciwon gwiwa na sanyin ƙashi da ciwon kai mai daɗewa, akwai hujja mai ɗan ƙarfi. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 39 da marasa lafiya sama da dubu 20, ya gano cewa akufanca tana rage waɗannan ciwuka, ko da yake tazarar da ke tsakaninta da allurar bogi ba ta da yawa.

Ciwon da ke fitowa daga lalacewar jijiya kuwa labarinsa daban. A 2017 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 6 da suka ƙunshi mutum 462 masu irin wannan ciwo. Hukuncinta shi ne hujjar da ake da ita ba ta isa a ce allurar tana aiki ba, ba ta kuma isa a ce ba ta aiki ba. Akwai rahotannin marasa lafiya da suka ce sun ji sauƙi, amma rahoton mutum kaɗan ba ya zama hujjar a ɗora wa kowa. Hukumar NICE ta Ingila, a jagorarta ta maganin ciwon jijiya, magunguna huɗu ta sa a sahun farko: amitriptyline, duloxetine, gabapentin da pregabalin. Su ma ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma likita ne ke rubuta su yana bibiya.

Saboda haka matsayin allurar a yau shi ne abin gwadawa a matsayin ƙari. Wanda ya ce maka tabbas za ta yi, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Agogon da ke tafiya

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jijiyar da aka gyara tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, wato kusan inci guda a wata. Tsokar da ta rasa jijiyarta kuma ba ta jira har abada. Bayan kamar wata 12 zuwa 18 takan ƙanƙance ta daina karɓar saƙo, ko da jijiyar ta iso daga baya.

Mu yi lissafi. A ce daga inda aka yi gyara a wuya zuwa tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu santimita 25 ne. Kwana 250 ke nan, sama da wata 8. Idan an yi aikin a wata na huɗu bayan hatsari, jijiyar za ta iso tsoka tana da sauran rai. Idan sai bayan shekara aka yi, za ta iso a wata na 20, ta tarar an rufe ƙofa. Wannan ne ya sa likitocin wannan fanni suke son yin tiyata tsakanin wata 3 zuwa 6 idan babu alamar dawowa. Idan kuwa wuƙa, adda ko gilashi ne ya yanke jijiyar, ba a ma jiran watanni, cikin kwanaki ake so a ɗinke.

Kuma tiyatar ta ci gaba. Ana ɗauko siririyar jijiya daga ƙafa a cike giɓin da ita. Idan saiwa ta tumɓuke, ana karkato wata lafiyayyar jijiya daga kusa a jona ta da tsokar da ta rasa tata. A 1994 wani likita a Faransa, Christophe Oberlin, ya bayyana hanyar ɗaukar wani ɓangare na jijiyar da ke zuwa yatsu a jona shi da tsokar gwiwar hannu, kuma ta dawo wa mutane da yawa da ikon kai loma baki. Ko wanda lokaci ya ƙure masa bai kamata ya yanke ƙauna ba, domin ana iya sauya wa tsoka mazauni ko a dasa wata daga cinya, sai dai aikin ya fi wuya kuma ya fi tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata alama da ya kamata kowa ya sani: idan bayan hatsari fatar idon ɓangaren da hannun ya shanye ta ɗan sauko, ƙwayar idon ta ƙanƙance, wannan yakan nuna saiwar ƙasa ta tumɓuke. Irin wannan ba ya warkewa da jira, ko da ɗori, ko da allura.

Abin da masu goyon bayan allurar za su ce

Za su ce: kai sakatare, ka san kuɗin hoton MRI? Ka san likitocin da ke ɗinkin jijiya ƙalilan ne a ƙasar nan, sau da yawa sai an tura mutum wani gari? Mutumin da ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta cinye masa jari, da me zai yi wannan tafiya? Kuma idan ka hana shi allura, ina zai koma in ba tramol ba?

Maganarsu tana da nauyi, musamman ta ƙarshen. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magunguna irin su tramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. NAFDAC ta amince da tramol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ke yawo a bayan fage har da mai 225. Kowa a garin nan ya san matashin da ya fara sha don ciwo, ya ƙare a Asibitin Ƙwaƙwalwa na hanyar Baga. Idan zaɓin ya tsaya tsakanin allura a hannun ƙwararre da ƙwaya daga hannun ɗan tireda, ni allurar zan zaɓa wa ɗan uwana.

Sai dai zaɓin bai tsaya a nan ba. Kuɗin da ake kashewa a zama 20 ko 30 na allura, da na mai ɗori, da na kemis, idan aka tara su sau da yawa sun isa kuɗin ganin likita da gwajin farko. Kuma sashen gashi yana da na'urar TENS, mai aika lantarki ta fata ba tare da huda ba, wadda ke aiki da hikimar ƙofar nan ta laka. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, shi ya sa nauyi yake kanmu mu da ke bakin gaɓa mu duba abin da muke miƙa masa.

Ga wanda ya yanke shawarar gwadawa

Na farko, likitan ƙashi ko na tiyata ya fara ganin hannun, a yi gwajin jijiya, a san irin raunin, a sa ranar dawowa. Allura ta biyo baya da sanin likita.

Na biyu, a tambayi mai allurar takardarsa. Hukumar MDCN da ke yi wa likitoci rajista ita ce doka ta ɗora wa kula da masu aikin akufanca, likitocin gashi kuma hukumar MRTB ce ke ba su lasisi. Sayen na'ura a intanet da kallon bidiyo ba ya mayar da mutum gwani.

Na uku, allura sabuwa fil, a ɓare ta a gabanka, a jefar bayan an gama. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma allurar da aka maimaita hanya ce ta yaɗa shi.

Na huɗu, a yi hattara da gefen wuya da saman kafaɗa. Kan huhu yana kusa da wurin, allurar da ta nutse da yawa tana iya huda shi. Duk wanda ya ji numfashi na ƙoƙarin ɗaukewa ko ƙirji na suka bayan allura, a garzaya da shi asibiti nan take. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada a sa masa lantarki. Mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita.

Na biyar, a sa wa'adi. Kafin a fara, mara lafiya ya auna zoginsa daga 0 zuwa 10, ya rubuta awa nawa yake barci. Bayan zama 6 zuwa 8 a sake aunawa. Idan babu bambanci a tsaya, a adana kuɗin. Kuma ko ana allura kada a bar motsa gaɓoɓin hannun kullum yadda likitan gashi ya koyar, domin hannun da ya sandare ko jijiya ta dawo ba zai yi amfani ba. A kuma kiyaye shi daga wuta da ruwan zafi, tunda yana iya ƙonewa mai shi bai ji ba.

Abin da ya rage gare mu

Shawarata ga shugabanni da membobi ita ce, duk lokacin da aka kawo wa ƙungiya neman taimako kan hannun da ya shanye bayan rauni, tambayar farko ta zama: yaushe abin ya faru? Wanda ke cikin wata shida na farko a sa shi gaba, a haɗa masa kuɗin mota da na gwaji, a samu wanda zai raka shi asibiti ya kuma tuna masa ranar komawa. Wanda ya daɗe da raunin shi ma a kai shi, don a duba maganin zogin da ya dace da shi da kuma abin da za a iya ceto na hannun. Ina kuma roƙon iyayenmu masu ɗori, waɗanda jama'a ke fara zuwa wurinsu: idan kun ga ƙashi lafiya amma hannu ba ya motsi ko ba ya ji, ku tura shi asibiti a ranar.

Wanda ke da ɗan uwa mai irin wannan lalura ya ƙirga watannin yau ɗin nan, ya tuntuɓi shugabannin ƙungiya. A tura wannan rubutu ga duk wanda zai amfana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mu daga hatsari, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Maiduguri